Shekara guda ina ɗora bidiyon ɗinki a YouTube, me ya hana tashata motsi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a Gusau, ina ɗinkin mata, ina kuma koya wa 'yan mata a gida. Sama da shekara guda ke nan da na buɗe tasha a YouTube. Bidiyon da na ɗora sun kai 60, amma mabiyana ba su cika 400 ba, kuma da wuya bidiyo ya wuce kallo 80. Yawanci ɗinki nake sawa, amma nakan sa girki, ko shagalin biki in na je, har da guntun wa'azi ranar Juma'a, don kada tashar ta zauna shiru. Duk wanda na ɗora sai na tura a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, na kuma shiga wani guruf na "bi ni in bi ka". Akwai wani gajeren bidiyona da ya taɓa samun kallo wajen 20,000, na ɗauka ƙofa ta buɗe, amma daga nan shiru. Yanzu wani ya ce in biya shi ya kawo mini mabiya 1,000. Wasu kuma sun ce YouTube ne ba ya ɗaga bidiyon Hausa. Data tana cin kuɗina, har maigida ya fara tambaya ko abin yana da amfani. Toshe ni aka yi? In saya, ko in haƙura?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Kada ki ba mutumin nan ko sisi. Kuma a duk abin da kika zayyana ban ga alamar toshewa ba. Abin da ke damun tasharki shi ke damun kusan kowace ƙaramar tasha, sai dai wasu dabarun da aka ba ki da sunan taimako su ne suka ƙara ɗaure ta. Kafin in zo kansu, bari mu fara da yadda bidiyo ke isa gaban mutum, domin a nan ne yawancin masu ƙananan tashoshi suke ɗaukar abin a baibai.

Tun a 2019 YouTube ya ce ana ɗora masa bidiyo na sama da awa 500 a kowane minti ɗaya. Babu ma'aikacin da ke zaune yana duba wannan tulin yana cewa a ɗaga wannan, a danne wancan. Inji ne ke zaɓe. A farkon 2018 Neal Mohan, wanda daga baya ya zama shugaban YouTube, ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin da mutane ke ɓatawa suna kallo, abin da injin ya miƙa musu ne suke kallo, ba abin da suka fita nema da kansu ba. To aikin wa injin nan yake yi? Mu masu ɗorawa mukan zaci aikinsa shi ne ya nemo wa bidiyonmu masu kallo. Ba haka ba ne. Aikinsa ya nemo wa kowane mai kallo bidiyon da zai zaunar da shi. Ki ɗauke shi kamar dillaliyar unguwa. Tana shiga gida-gida da ƙullin kaya, ta san wadda ke son leshi, ta san wadda ba ta sayen komai sai kayan kicin, ta san wadda ke haɗa lefe. In kika ba ta kayanki, ba za ta kwance su a kowane gida ba; za ta gwada su a gida biyu ko uku da take kyautata zato, in an karɓa ta ƙara gaba da su, in an tura mata baya ta mayar da su ƙasan ƙulli, domin amincin da ke tsakaninta da matan gidajen ya fi mata kayanki muhimmanci. Kuma kafin ta san gidan da za ta fara kaiwa, dole ta gane ko mene ne kayan.

Injiniyoyin Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, sun yi bayanin tsarin a wata maƙala a 2016. Mataki biyu ne. Da farko, daga cikin miliyoyin bidiyo ana tsamo 'yan ɗaruruwa da suka dace da tarihin kallon mutumin da kuma abin da masu irin ɗabi'arsa suka kalla. Sannan a jera su bisa hasashen wanne zai fi daɗewa a kai. Wannan batu na daɗewa ya samo asali ne tun 2012, lokacin da YouTube ya sanar cewa ya daina fifita yawan dannawa, ya koma fifita tsawon lokacin da aka zauna ana kallo. An yi ta gyare-gyare tun daga lokacin, amma ginshiƙin bai canza ba: wa ya kalla, ya daɗe, ya kuma dawo?

Nan ne wahalar ƙaramar tasha take. Babbar tasha tana da tarihi; dubban mutane sun riga sun nuna wa injin su waye masu sonta, don haka sabon bidiyonta yana da gidajen da za a kai shi tun a awar farko. Ke kuwa shaidar da injin yake da ita a kanki kaɗan ce ƙwarai. Da shaidar ta zama kaɗan, kowane mai kallo ɗaya yana da nauyi. Shi ya sa abin da ya fi komai tsada a wurin mai ƙaramar tasha shi ne 'yan tsirarun da take da su su zama iri ɗaya, masu buƙata ɗaya.

Yanzu dubi abin da tasharki ta gaya wa injin a shekara guda. Yau yankan riga, jibi miyar taushe, ranar Juma'a wa'azi, ranar Lahadi kamu. Yarinyar da ta bi ki don ta koyi saka zif, an miƙa mata bidiyon biki ta wuce. Wadda ta shigo don biki, an miƙa mata yankan hannun riga ta wuce. Kowace wucewa tana shiga lissafi. Na fahimci dalilinki, ba ki son tashar ta yi shiru, kuma an daɗe ana yaɗa cewa wanda ya huta an binne shi. YouTube da kansa ya sha bayyana cewa ba ya hukunta tasha don ta ɗauki hutu. Mako biyu na shiru bai kai bidiyo huɗu marasa alaƙa illa ba.

Guntayen wa'azin kuma suna da wata matsala ta daban, kuma ina so ki ɗauke ta da muhimmanci. Niyyarki alheri ce, amma in karatun wani malami ne kika yanko daga wata tasha kika ɗora yadda yake, a dokar YouTube wannan kayan aro ne. Ranar da kika cika sharuɗɗa kika nemi a fara biyanki, ana duba tashar gaba ɗayanta, kuma irin wannan kaɗai ya isa a mayar da ke. In kuma mai asalin bidiyon ya kai ƙara, gargaɗi ne ake rubuta miki, gargaɗi uku kuwa rufe tasha ne. Bidiyon biki ma yakan zo da waƙar da ke da mai ita, ga kuma fuskokin matan mutane da ba su ce a sa su a duniya ba. Wannan na ƙarshe ko babu dokar kamfani ya isa dalili.

Sai batun tura linki a guruf. Ba laifi ba ne a karan kansa. Tambayar ita ce wane guruf. Gwaggonki da ƙawayenki na makaranta da matan unguwa za su danna don kunya da zumunci, su kalli daƙiƙa ashirin, su rubuta miki "Masha Allah", su fita. Sun sauke nauyi, Allah ya saka musu. Amma ba masu koyon ɗinki ba ne, ba za su dawo gobe da kansu ba, kuma sun cakuɗa miki alƙaluman da ya kamata ki karanta ki gane inda darasinki ya yi kyau da inda ya yi rauni. Guruf ɗaya na teloli ko na ɗaliban ɗinki mai mutum talatin ya fi miki guruf goma na dangi. Na "bi ni in bi ka" kuwa ki fita daga cikinsa yau. Kowa a ciki mai tasha ne da ke neman a kalle shi, babu mai niyyar kallon wani. Ya saɓa wa dokar YouTube a fili, kamfanin kan share irin waɗannan mabiya lokaci-lokaci, kuma yana iya kaiwa ga rufe tasha. Ina kyautata zaton kaso mai yawa na mabiyanki 400 daga nan suka fito, shi ya sa bidiyo ke tsayawa a kallo 80.

Mai sayar da mabiya wannan cutar ce zai ninka miki, ki kuma biya shi. Ko da a ce ba a share su ba, ki duba sharaɗin da kike hanƙoro. Tun 2018 ƙa'idar fara samun kuɗin talla ita ce mabiya 1,000 tare da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12 da suka wuce. Daga baya aka ƙara wata hanya ga masu gajerun bidiyo, wato kallo miliyan 10 a kwana 90. Mutumin nan ƙafa ɗaya zai sayar miki, kuma mai sauƙin. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In kowane mai kallo yana zama minti 4, kina buƙatar kallo 60,000 a shekara, wato 5,000 kowane wata. In kin iya zaunar da shi minti 8, 30,000 sun isa. Bidiyonki 60 a kan kallo 80 kowanne ba su kai 5,000 ba gaba ɗaya. Ban kawo wannan lissafin don in karya miki gwiwa ba. Na kawo shi ne don ki ga inda aikin yake. Sunayen da ba sa kallo ba za su ƙara miki minti ɗaya ba.

Gajeren bidiyon da ya kai 20,000 ma ba abin mamaki ba ne ya wuce bai bar komai ba. Mai kallon Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube, ba zaɓarki ya yi ba, yana jan yatsa ne kika faɗo masa, ya ja kuma kika wuce. Da yawa ba sa ma duba sunan tasha. Tun daga ƙarshen Maris na 2025, da bidiyon ya fara motsi a allon mutum ake ƙirga shi kallo, ko da bai tsaya ba. Kuma lokacin da aka kalla a wannan layin na Shorts ba ya shiga cikin awa 4,000 ɗin. Yana da amfaninsa, amma a matsayin talla: daƙiƙa talatin da ke nuna yadda wuyan riga ke zama lafiyayye, da ke kai mutum ga cikakken darasin. Amma ki koma ki duba mene ne a cikin wancan bidiyon. In ɗinki ne, mutane 20,000 sun ba ki labari kyauta game da abin da ke tsayar da ido, kuma ya cancanci dogon darasi.

To batun cewa ba a ɗaga Hausa fa? Fina-finai masu dogon zango da tashoshin tafsiri da na labarai da ke tara miliyoyin kallo da Hausa zalla sun isa amsa. Babu wanda ya danne harshen. Amma masu wannan magana sun hango wani abu na gaskiya, sun dai ba shi sunan da ba nasa ba. Mai kallonki da kuɗinsa yake kallo. A ƙasashen da intanet ke gida ba iyaka, mutum kan bar bidiyo yana tafiya yana wanke-wanke. A nan kuwa yarinyar da ke koyon ɗinki ta sayi data ta 'yan ɗaruruwan naira, tana kallo tana lissafin abin da ya rage, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Duk minti ɗaya da kika ɓata mata, daga aljihunta ya fita. Ga caji, ga wutar da ba ta tsayawa. Wannan ya sa mai kallon Hausa ya fi saurin yanke hukunci, kuma ya fi son ya kashe datarsa a kan sunan da ya riga ya sani. Sabuwar tasha tana fama da injin, tana kuma fama da wannan taka-tsantsan ɗin. Ƙari a kan haka, abin da ya yi kyau a wurinmu sauke shi ake yi, a tura ta Xender ko WhatsApp, ko a kai wa 'yan turi a kasuwar waya. Mutum ɗari za su iya koyo da bidiyonki ta wannan hanya, YouTube bai ga ko ɗaya ba. Ba za ki hana wannan ba, don haka ki sa ya yi miki aiki: sunan tasharki da lambar kasuwanci, ba lambarki ta gida ba, su kasance a rubuce a jikin bidiyon, ta yadda duk inda ya je zai nuna hanyar dawowa.

Yanzu ga inda nake ganin ƙofarki take, kuma kin fi yawancin masu tambayata sa'a a nan. Mai barkwanci ko mai hira sai ya jira injin ya ga dama. Mai koyar da sana'a tana da wata ƙofa da ba ta buƙatar tarihi sosai, wato akwatin nema. Akwai yarinya a Funtuwa ko Maraɗi ko zangon Kumasi da aka kawo mata atamfa yau, ba ta san yadda za ta fitar da hannu ba, ta ɗauki waya ta rubuta tambayarta. Ba ta damu da yawan mabiyanki ba. Bidiyon koyon ɗinki da Turanci sun yi yawa, amma wanda zai yi mata bayani da harshen da take tunani da shi, a kan irin ɗinkin da ake sawa a garinsu, bai yi yawa ba. Wannan giɓin naki ne.

Ki buɗe YouTube ki rubuta "yadda ake yanka" ki tsaya, ki ga abin da akwatin zai ƙarasa miki. Ki sake da "yadda ake ɗinka", da "koyon ɗinki". Waɗannan ƙarashen daga abin da mutane ke nema suke fitowa. Su ne jerin darussanki, su ne kuma takenki. Take irin "Sabon bidiyo, ku kalla ku tura" ko "Ɗinki kashi na 14" bai amsa tambayar kowa ba. "Yadda ake yanka doguwar riga mai tattara da yadi huɗu" ya amsa. Ki rubuta yadda masu nema ke rubutawa. Yawancinsu ba sa sa lanƙwasa a haruffa, kuma sunan da ake kiran salon da shi a shago suke amfani da shi, don haka ki sa duka biyun, ɗaya a take ɗaya a bayanin ƙasa. Bidiyo ɗaya, matsala ɗaya. Saka zif darasi ne. Kalmasa darasi ne. Ɗaukar awon ƙirji da kafaɗa darasi ne. Abin da ya sa hammata ke tattarewa bayan an haɗa hannu darasi ne mai zaman kansa, kuma irinsa ne mutum ke nema da gaggawa, domin mai kaya tana zuwa gobe. Tambayoyin da 'yan matan da kike koyarwa suke maimaita miki, da kurakuran da kike warware musu kullum, sun fi duk wata shawara da zan ba ki a kan abin da za ki ɗauka.

Hoton bango, wato hoton da ake gani kafin a danna bidiyo, shi ne abu na biyu. In ba ki tantance tashar da lambar waya ba, ki yi, domin shi ke ba ki damar sa hoton da kika zaɓa da kuma ɗora bidiyon da ya wuce minti 15. A ƙaramin allon waya za a gan shi, don haka rigar da aka gama, a fili, da haske, da kalma uku ko huɗu manya. Ba dole ki sa fuskarki ba. Tashoshin koyarwa da yawa hannu da teburi kawai suke nunawa, kuma ga mai koyo hannun ne abin kallo.

Sai buɗewa, kuma a nan zan ɗan tsananta. Sallama ba a barinta, tarbiyyarmu ce. Amma abin da na fi gani a tashoshinmu shi ne sallama, sai gaisuwa ga na gida da na waje, sai godiya ga waɗanda suka yi tsokaci, sai ban haƙurin rashin ɗorawa makon jiya, sai roƙon a bi tasha a danna ƙararrawa, minti ɗaya da rabi ya tafi ba a ga almakashi ba. Mai ƙirga data ta riga ta fita. Ki yi sallama a numfashi ɗaya, ki ɗaga rigar da aka gama ki ce yau wannan za mu yanka, ga yadin da za ta ci, ki ɗora tef. Roƙon a bi tasha ki bar shi sai bayan kin warware mata wani abu. A lokacin ne take da dalilin amsawa.

Akwai kuma abin da masu ba da shawara daga waje ba za su gaya miki ba. Yawancin masu kallonki suna rage ingancin hoto don data ta kai su. A wannan yanayi, siririn layin alli a kan atamfa mai zane ɓacewa yake yi gaba ɗaya. Ki koyar da yanka a kan takarda ko yadi mara zane mai haske, ki ja layi da baƙin alƙalami mai kauri, ki rubuta kowane awo da manyan lambobi a allo, ki kuma faɗe shi da baki sau biyu. Ki kafa wayar a sama tana kallon teburi kai tsaye, kada wani ya riƙe ta tana rawa. Hasken safe a bakin taga ko a tsakar gida ya wadatar. In akwai abu ɗaya da ya cancanci ki kashe masa kuɗi, ƙaramin makirfo ne na maƙalawa a wuya, domin mutane sukan jure hoto mai dishi-dishi amma ba sa jure muryar da ƙarar janareto ta cinye. Kuɗin da za ki ba mai sayar da mabiya ya tafi nan.

Ki sauke manhajar YouTube Studio in ba ki da ita, kyauta ce. Ki daina duba adadin mabiya kullum, ba ya koya miki komai. Abin dubawa shi ne, cikin waɗanda aka nuna wa hoton bidiyonki, kashi nawa suka danna. YouTube ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100. In kina ƙasa sosai, take da hoto ne ke da gyara, ko kuma ba mutanen da suka dace ake nuna wa ba. Amma kada ki yanke hukunci a kan bidiyon da aka nuna wa mutum hamsin kacal. Wanda ya fi wannan amfani shi ne zanen da ke nuna inda mutane ke fita. In layin ya faɗi warwas kafin daƙiƙa 30, buɗewarki ce. In ya gangara a tsakiya, ki je daidai wurin ki kalla. Sau da yawa za ki tarar kin bar keke yana ta gudu a kan dogon layi ba tare da kin ce komai ba, abin da ya kamata a yanke. In kuma kin ga wani tudu inda layin ya ɗaga, wurin ne mutane ke komawa baya su sake kallo: ko dai shi ne zuciyar darasin, ko kuma bayanin bai fito ba. Duka biyun suna nuna miki bidiyo na gaba. A cikin manhajar kuma za ki ga kalmomin da aka rubuta a akwatin nema aka same ki da su.

Ki haɗa darussan su zama jeri mai kai da gindi: awo, sannan yanka, sannan haɗawa, sannan gamawa. A ƙarshen kowanne ki faɗi sunan na gaba ki nuna shi. Wadda ta kalli uku a jere ta ba injin shaidar da mabiyan saye dubu ba za su ba shi ba, kuma ita ce ke bin tasha ba tare da an roƙe ta ba. Duk wadda ta yi tambaya a ƙarƙashin bidiyo ki amsa mata da kyau. Wannan dama ce da manyan tashoshi suka rasa, ke kuma kina da ita yanzu.

Ban ce ki tsaya a YouTube kaɗai ba. Matan da za su kawo miki ɗinki sun fi yawa a Facebook da TikTok da Instagram. TikTok ya bayyana a 2020 cewa yawan mabiya ba ya cikin abubuwan da yake dubawa kai tsaye wajen miƙa bidiyo, shi ya sa sabon shiga kan fi saurin samun ido a can. Facebook kuma ya buɗe wa masu bidiyo na Najeriya da Gana hanyar samun kuɗin talla a 2024. Sai dai bidiyo a waɗancan wurare kwana kaɗan yake yi ya nutse, alhali darasi mai kyau a YouTube yana iya shekaru ana nemo shi. Ki ɗora gajerun a can kai tsaye, dogayen darussan su zauna a nan.

Tambayar maigida tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Kuɗin talla ba kusa yake ba. Ko an karɓe ki, YouTube yana ba mai dogon bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar, ba a turo komai sai ya taru ya kai dala 100, kuma farashin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Tallar da aka nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar ba ta kusa da wadda aka nuna a Amurka ko Ingila. Akwai ƙaramin mataki na mabiya 500 da aka ɓullo da shi a 2023, amma gudummawar masu kallo yake buɗewa, ba kuɗin talla ba. Wanda ba shi da komai sai tashar, wannan labari ne mai nauyi a gare shi. Ke kuwa kina da keke, kina da ɗalibai. Mace ɗaya da ta ga aikinki ta kawo ɗinkin anko, ko uwa ɗaya da ta kawo 'yarta koyo, za ta iya fin abin da dubban kallo za su kawo ta hanyar talla, kuma wannan ba ya jiran mabiya 1,000. Da wannan ma'aunin za ki duba ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ku zauna ku yanke abin da za a riƙa kashewa a data kowane wata, ku sa wa'adi, a ce wata shida, darasi ɗaya mai kyau a mako ko a mako biyu. In wa'adin ya cika kika ga kallo daga akwatin nema yana ƙaruwa, baƙin da ba ki sani ba suna tambaya, wani tsohon darasi yana ci gaba da tafiya shi kaɗai, to tashar ta kama ƙasa ko da adadin bai burge kowa ba. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, rage ƙarfi a kai ba abin kunya ba ne, kuma darussan da kika ɗauka za su ci gaba da yi wa ɗalibanki na gida amfani.

Ba sai kin buɗe sabuwar tasha ba. Ki cire guntayen wa'azin da ba naki ba da bidiyon bukukuwa. Na girki ki ɓoye su. Ki sani dai duk bidiyon da aka ɓoye ko aka goge, awanninsa sun fita daga lissafin 4,000, amma a halin da kike ciki abin da za ki rasa kaɗan ne. Tsofaffin darussan ɗinkin da suka yi kyau ki sake musu take da hoton bango, domin ana iya canza su a kowane lokaci, kuma wasu za su farfaɗo. In mabiya suka ragu bayan wannan shara, kada ya dame ki. Waɗanda ba sa kallo ne ke tafiya.

Ki kuma yi aiki da kalandar sana'arki. Darasin da ya dogara da nema yakan ɗauki makonni kafin ya samu wurin zama, don haka bidiyon ɗinkin sallah ba a cikin goman ƙarshe ake ɗora shi ba, lokacin da teloli ba su da sararin ɗaga kai daga keke, ke ma haka. A Rajab da Sha'aban za ki ɗauki na kayan yara, da abaya, da hijabi, da doguwar riga, ki ɗora su kafin a ga watan azumi. Na kayan makaranta kuma a watan Agusta, kafin a koma sabon zango.